Tafiyar Gidanmu a Kan Dandamali

A gonakinmu na Nariya akwai wata ɗorawa da ba ta da mai ita. Tana tsaye daidai kan iyakar gonar Baba da ta ƙaninsa, wanda muke kira Baffa. Kakanmu ne ya raba musu gonar kafin ya rasu, ya nuna wa kowa nasa da sanda, bai ce komai ba a kan bishiyar. Baba ya ce tasa ce, domin gindinta ya fi shiga gonarsa. Baffa ya ce tasa ce, domin rassanta wajensa suka karkata, kuma dawarsa ce inuwarta take kashewa. Daga nan suka daina magana. Ni da na yi wayo a haka na tarar da su.

Ba sa zagin juna, ba su taɓa kai ƙara wurin mai unguwa ba. Masallaci ɗaya suke salla, sai dai kowa yana lura a sami mutum tsakaninsu a sahu. In liman ya yi wa'azi a kan gaba, su biyun sun fi kowa gyaɗa kai. In kuwa magana ta zama dole, sai a nemo mu, ni da ɗan Baffa, wanda sa'ana ne, tare muka taso. Baba zai dube ni ya ce, "Je ka gaya wa Baffanka akuyarsa tana cin danga," alhali Baffan yana tsaye a wurin yana ji. In juya in maimaita. Baffa ya dubi ɗansa ya ce, "Gaya masa an ji." Ɗorawa kuwa kowace bazara sai ta yi 'ya'ya jingim, ba mai taɓa ta a gidajen biyu. Jemagu da yaran maƙwabta suka yi ta cin arziki, Inna kuma tana sayen daddawa a kasuwar Kibiya.

Shekarar da ni da ɗan Baffa muka shiga ajin ƙarshe a wata sakandaren kwana a Rano aka sa ranar auren Yayata, bayan girbi. Mijin ita ta zaɓi abinta, wani direba ne mai jigila tsakanin Kibiya da Kano, mutum mai kunya da ba ya iya haɗa ido da Baba. Matsalar ɗaya ce. A wurinmu uba ba ya ba da auren 'yarsa da bakinsa in yana da ɗan'uwa a raye, ɗan'uwan ne waliyyi. In aka ga bare ya zauna gaban liman alhali Baffa yana gari da lafiyarsa, to an ba mutane abin faɗi har ta yi jikoki, dangin miji ne kuma za su fara. Yaya ta san haka sarai. Ta tura Inna wurin Baba, Baba ya ce Allah ya kai mu lokacin. Ta tura matar Baffa wurin Baffa, ya ce shi ba wanda ya gaya masa ana aure. Yaya ta bi ta rame, ni kuma ina tausayinta ƙwarai, don ita ta goye ni.

A wannan shekarar aka kawo mana sabon malamin Turanci, mutumin birni, wanda ya karanta wasan kwaikwayo a jami'a. Shi aka ɗora wa shirya wasan ranar raba kyaututtuka. Da ya gwada lasifikar makarantar sai ya tarar duk maganar da aka zuba mata kukan akuya take mayar da ita, ga janareto a bayan taga yana nasa. Shekara da shekaru iyaye suna zuwa su kalli bakin 'ya'yansu yana motsi, su tafa, su koma gida. Malam ya ce tunda dai ba a jin magana, to a daina yin ta.

Ya tara mu bayan la'asar ya nuna mana bidiyo a wayarsa. Wasu mutane ne ba takalmi, da baƙaƙen kaya, suna tafiya a hankali a kan dandamali, su durƙusa, su miƙe, ɗaya ya tafi zai faɗi ɗaya ya tare shi. Ba wanda ya ce uffan har aka gama. Malam ya tambaye mu me muka gani. Wani ya ce masu aljanu ne. Ɗan Baffa ya ce shi dai kamar ya ga wata uwa ce ɗanta ya tafi ya bar ta.

"Wa ya gaya maka?" in ji Malam.

"Ba kowa, Malam."

"To abin da za mu yi ke nan. Rawa ce, amma mai ba da labari."

Shugaban makaranta ya yarda bisa sharaɗi: ba mata, ba karkaɗa ƙugu, kuma kada a kira abin rawa a gaban iyaye. Ɗalibai suka sa masa suna wasan bebaye, sunan ya bi shi.

Malam ya ce yana son labari daga ƙauye. Mu kuwa labari ɗaya muka sani da kyau, muka ba shi: manoma biyu 'yan'uwa da bishiya a kan iyaka. Ba mu ce iyayenmu ba ne, shi ma bai tambaya ba. Ya ji daɗi har ya miƙe tsaye, ya ce wannan ai labarin 'yan Adam ne gaba ɗaya. Muka dubi juna ni da ɗan Baffa, don mu a saninmu labarin mutum biyu ne a Nariya. Ya ce mu za mu fito a manoman. Wani dogon ɗalibi daga Lausu, wanda ya fi kowa tsawo a makarantar, aka ba shi bishiya. Aikinsa ya tsaya a tsakiya ya ɗaga hannuwa, an rataya masa tsummoki a yatsu a matsayin 'ya'yan ɗorawa. Ya ce bai taɓa samun aiki mai sauƙi irin wannan ba, kafin ya gwada.

Na koyi abubuwa a wajen mutumin nan da ban manta ba. In na ɗaure fuska don nuna fushi sai ya tsayar da kiɗa. "Na bayan ɗakin taro ba ya ganin fuskarka. Fushin nan ka sa shi a kafaɗa." In mun matso kusa da juna ba dalili sai ya raba mu, ya ce tazarar da ke tsakanin mutum biyu ita ma magana ce, kada mu ɓarar da ita. Ya hana mu sauri. Ya ce in ka yi motsi sau ɗaya, mai kallo ya gani, in ka maimaita shi a hankali, sai ya fara tambayar kansa me ya sa. Farkon rawar shuka ce: ni ina gaba ina sara da sungumin da babu shi, ɗan Baffa yana biye yana jefa iri yana rufewa da diddige, taku ɗaya, numfashi ɗaya. Sai a ja layi da alli a tsakiyar dandamali, ya bi ta tsakanin ƙafafun dogon. Sai kowa ya kama hannu ɗaya na bishiya ya ja. Daga nan mu juya wa juna baya mu yi ta kewaya ta, ba mai tsallake layi.

Abu ɗaya ya hana Malam sakat, wato tafiyarmu. "Ba ku tafiya kamar manoma," in ji shi. "Kamar an kaɗa ƙararrawar abinci kuke tafiya. Kowa ya tuno wani dattijo da ya sani, ya aro tafiyarsa ya kawo min gobe."

Na aro ta Baba, don ita na fi sani. Kafaɗar hagu a ƙasa saboda rataya fartanya, hannu ɗaya a baya, ƙafar dama ana jefa ta waje kamar ana korar kaza. Bayan 'yan taku a tsaya a dubi sama ko da hadari, sannan a turo hula gaba da yatsa ɗaya. Washegari na yi ta a gaban Malam, ya ce madalla. Ɗan Baffa ya shigo daga ɗaya gefen. Kafaɗar hagu a ƙasa, hannu ɗaya a baya, ƙafar dama waje. Ya tsaya ya dubi rufin kwano, ya turo hula.

"Wa ya kwaikwayi wani a cikinku?"

Muka rantse ba wanda ya kwaikwayi wani. Mu kanmu abin ya ɗaure mana kai. Tun da aka haife mu ba mu taɓa ganin iyayenmu suna tafiya a jere ba, shi ya sa ba mu taɓa lura ba. Malam ya ce a bar shi haka, ya ma fi. Ya ba ni farar hula, ya ba ɗan Baffa baƙa, don a bambanta mu.

Ƙarshen rawar ne ya kawo gardama. Malam yana son manoman su rungumi juna a ƙarƙashin bishiya.

"Malam, ba sa runguma," in ji ɗan Baffa.

"Su wa?"

"Mutanen garinmu."

Muna cikin haka ne wata rana, muna kewayawa muna tsufa kamar yadda aka koya mana, baya yana ranƙwafawa, taku yana gajarta, sai hannuwan dogon suka gaji. Ya yi ta ƙoƙarin riƙe su suna sauka a hankali, tsummoki suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, har hannuwan suka kwanta a jikinsa. Malam ya daka tsawa. Dogo ya fara ba da haƙuri. "Haƙurin me? Haka za a ƙare!" Bishiya ta mutu, tsofaffi biyu suna tsaye sun juya wa juna baya, kiɗa ya ɗauke. Dogo ya yi ta gaya wa mutane shi ya ƙirƙiro wurin.

Da muka zo hutun tsakiyar zango muka laɓe bayan rumbu muna bita. Yaya ta zo ɗibar hatsi ta tsaya tana kallonmu. Ko taku biyar ba mu yi ba ta ajiye ƙwarya.

"Kai, wannan a gaban wa za ku yi shi?"

"A makaranta, Yaya. Ranar kyauta."

"Baba zai je?"

"An gayyaci iyayen 'yan ajin ƙarshe."

"Da Baffa?"

Na gyaɗa kai.

"Wallahi in ka ƙara lalata min al'amari, ba ni ba kai. Ku mai da iyayenku abin dariya a Rano, sannan in je in ce wa ya zauna gaban liman?"

Tsoro ya kama ni sosai, don gaskiya ta faɗa. Da muka koma na sami Malam na ce ina jin mutane za su gane waɗanda muke kwaikwaya. Ya yi dariya. "Wa zai gane? Ba suna, ba magana. Manomi ai manomi ne." Shi a birni ya tashi, inda ake gane mutum da fuska ko da motarsa. A wurinmu kana gona za ka hango ɗigo can ƙarshen hanya, ka san wane ne, ka san ko ya ci abinci ko bai ci ba, tun fuskarsa ba ta fito ba. Na rasa yadda zan yi masa bayani, lokaci kuma ya ƙure.

Ranar ta zo cikin damina, da hantsi ɗakin taro ya cika. Baba ya zauna can gefen dama, Baffa can gefen hagu, mutanen Nariya da Kibiya sun cike tsakani kamar yadda suka saba. Aka raba kyaututtuka, lasifika ta yi aikinta. Sai Malam ya kunna kiɗa daga wayarsa, wani kiɗa mai taushi da ganga can ƙasa-ƙasa. Dogo ya ɗaga hannuwa. Na shigo daga dama, ɗan Baffa daga hagu. Muka tsaya muka dubi sama, muka turo hula.

Wani tsoho ɗan garinmu ya ce da ƙarfi, "La'ilaha illallahu! Ai masu ɗorawa ne!"

Ɗakin ya kece da dariya, daga tsakiya ta fara. Mutanen Rano suna tambaya, na Nariya suna bayani suna nuni da haɓa zuwa dama da hagu. Ina jin ana gardama a sahun gaba a kan wane ne babban, mai farar hula ko mai baƙa. Wani ya ce ai ba bambanci. Malam yana gefen dandamali yana murmushi, ya ɗauka fasaha ce ta ratsa jama'a, sai da shugaban makaranta ya raɗa masa wani abu a kunne, ya nemi benci ya zauna.

Ba wurin gudu. Muka shiga shuka. Ina sara, yana jefa iri yana rufewa, daga wannan gefe zuwa wancan, mu juyo tare. A nan dariyar ta fara raguwa. Da yawa daga dattijan da ke wurin sun ga Baba da Baffa suna wannan shukar a bayan mahaifinsu, mu ne ba mu taɓa gani ba. Aka ja layin alli. Muka ja hannuwan dogo har ya yi nishi na gaske. Muka juya baya muka fara kewayawa, muna tsufa. In na zo daf da layi sai in ɗaga ƙafa kamar zan tsallaka, in tsaya, in mayar da ita, shi ma haka a ɗaya gefen, ba mai ganin wani. Malam ya sa mun maimaita wannan har ya ishi kowa. Lokacin da hannuwan dogo suka fara sauka, ba abin da ake ji a ɗakin sai janareto.

Aka tafa, aka daɗe ana tafawa. Daga inda nake tsaye na hango Baba yana kallon ƙasa, Baffa yana kallon rufi. Ba wanda ya tafa a cikinsu.

A bakin ƙofar makaranta muka tarar da direban nan, mai neman Yaya, ya ajiye motarsa. Ya sauke fasinjojin Rano, ya ƙi ɗaukar kowa, ya durƙusa ya gaida Baba, ya je ya durƙusa ya gaida Baffa, ya ce don Allah a ba shi dama ya kai iyayensa gida. Ba mai iya ƙin surukin da ya durƙusa a gaban jama'a. Kujerar gaba kuwa kowa ya ƙi ta, don kada a ce ya nuna ya fi. Suka shiga baya, kowa ya kama taga, ni da ɗan Baffa a tsakiya, alli bai gama fita daga ƙafafunmu ba.

Muka bar duwatsun Rano a baya ba wanda ya yi tari. Direba yana tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai. Sai da muka kusa Kibiya Baffa ya gyara murya ya ce wa ɗansa, "Gaya wa malaminku, ni ba na jefa ƙafa haka."

Na buɗe baki ina jiran a ba ni saƙon da zan mayar, aikina ne tun ina ƙarami. Sai na ji muryar Baba ta bi ta kaina ta wuce.

"Kana jefawa."

Direba ya kusa shiga rami.

"Kai ne kake jefawa," in ji Baffa, yana kallon taga.

"Tun kana yaro kake jefawa. Ni nake bin ka ina gyara maka shuka."

"Ni nake rufe ramin da kake tsallakewa."

"Ƙarya ne."

"Tambayi kowa."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Ban taɓa jin gardama mai daɗi a kunne irin wannan ba, har na ji ƙwalla tana neman zubo min, na danne.

Hanyar Nariya ta yi taɓo, mota ba ta iya shiga, aka sauke mu a Kibiya muka kama ƙafa. Su suna gaba, faɗin hanya a tsakaninsu, mu muna baya. Da farko kowa ya miƙe ƙyam yana tafiya kamar soja, kafaɗa a daidaice, ƙafa a tsare, don kada a kama shi. Ba su yi nisa ba suka manta. Kafaɗun hagu suka sauka. Ƙafafun dama suka fara fita waje. Hadari ya taso daga gabas, suka tsaya lokaci ɗaya suka dubi sama, kowa ya turo hularsa. Ɗan Baffa ya cusa hularsa a baki don kada dariya ta fito.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Daga ranar ba su sake aikenmu ba, amma kuma ban sake jin sun yi magana ba. A gari kuwa yara sun koyi tafiyar, wani ya ɗauki rawar a waya tana ta yawo. Yaya ta daina yi min magana, in ta zuba min abinci sai ta turo kwanon da ƙafa. Aka yi girbi. Inna ta sake tambayar Baba wa zai ba da aure, ya ce Allah ya kai mu. Bai je wurin Baffa ba, bai kuma sa kowa ba. Limamin unguwa ya ce shi a shirye yake in an rasa, Baba ya yi kamar bai ji ba.

Ranar ɗaurin aure aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Dangin ango sun zo daga Kibiya da nasu wakilin, an ajiye goro da alewa. Liman ya zauna, gurbin da ke gefensa ba kowa. Baba yana can baya a jingine da bango, inda uban amarya ya kamata ya zauna, ni ina kusa da shi. Gidan Baffa an ce tun da safe ya fita gona. Liman ya dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa. Mutane suka fara 'yan ƙananan maganganu, wakilin ango yana gyara zama. Ni kuwa ina tuna fuskar Yaya a bayan rumbu.

Sai na hango ɗigo can kan hanyar gona, daga wajen ɗorawa. Kafaɗar hagu a ƙasa, hannu ɗaya a baya. Da ba don Baba yana zaune a gefena ba, da na rantse shi ne. Ɗigon ya tsaya ya dubi sama, a watan da ba a hadari, ya turo hula, ya ci gaba da tahowa. Da ya matso sai na ga babbar rigarsa ta salla ce a jikinsa, wadda ba a zuwa gona da ita.

Baba bai ɗaga kai ba. Ya ce wa liman, "Malam, a ɗan dakata. Ga waliyyin nan tafe."

Na tashi na shiga cikin gida da gudu, na ratsa mata har ɗakin da Yaya take a lulluɓe. Na ce, "Yaya, ya zo." Ta yaye mayafi ta dube ni, ta tambaya wa ya gaya min, ko na ga fuskarsa. Na ce ban tsaya ganin fuska ba, tafiyarsa na gani. Ta mayar da mayafin ta fashe da kuka, ta laluɓo hannuna ta riƙe.